Mai Bincike, Matsafi da Makarantan Kudancin Kano

Aljani ba baƙo ba ne a adabin Hausa. Tun 1934 Bello Kagara ya kai jarumin littafinsa, Ganɗoki, cikin aljanu. Abin da ya sauya shi ne wurin da labarin ke faruwa. Da adabin kasuwar Kano ya bunƙasa, irin su Bala Anas Babinlata da Nazir Adam Salih sun shigo da bincike da ban tsoro cikin birni, Abdul'aziz Sani Madakin Gini kuma ya riƙe fagen yaƙi da tsafi, kashi na ɗaya, na biyu, na uku. Yanzu matsafi yana da ofis da mota, mai bin sawunsa kuma ɗan sanda ne ko ɗan jarida.

Me ya sa irin wannan labari ya samu karɓuwa a Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa? Sauƙin samu yana ciki. Takarda ta yi tsada, shagunan hayar littafi sun ja baya, amma a rumfar mai caji a Kwanar Ɗangora ana tura wa mutum littafin da aka karanta da murya, ya saka a kunne yana shara ko yana ban ruwa a fadamun Tiga. Wanda bai yi boko ba ma ya shiga sahu.

Babban dalilin kuwa tsoro ne na gaske. Mutanen da suka yi shekaru suna lissafin lokacin ratsa dajin Falgore saboda ɓarayin shanu da masu garkuwa ba sa bukatar a koya musu fargabar ɓatan mutum. A zahiri sau da yawa magana takan shiririce, ba a san wanda ya aikata ba. A littafi kuwa sai an kamo shi. Wannan biyan bukatar ce ke sa a ƙagu kashi na gaba ya fito.

Amma kan makaranta ya rabu. Wasu suna ganin labaran na koya wa matasa lura da taka tsantsan. Iyaye da malamai da dama suna ƙyamar yawan bokaye da surkulle, kuma ƙorafi kan littattafan hikaya tsoho ne: a 2007 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta ƙona wasu a bainar jama'a.

Ni damuwata ta fi karkata ga yadda ake warware laifin. Idan kullum mafarki ko rauhani ne ke tona asirin mai kisa, makaranci zai saba da yanke hukunci ba hujja, ya riƙa kallon duk maƙwabcin da ya yi arziki a matsayin ɗan shan jini. A ƙauye, inda kowa ya san kowa, irin wannan zargi yana raba zumunci, wani lokaci har ya jawo duka.

Marubuta, ku bar aljanunku a labarin in kuna so, amma ku sa mai binciken ya kama mai laifi da shaida.