Yayen dole: Idan maganin uwa ya raba jariri da nono a Kudancin Kaduna

A Kafanchan da ƙauyukan da ke kewaye da ita, yaye abu ne da ake yi wa shiri. Yaro ya kusa shekara biyu, a shafa wa nono ɗaci, a kai shi wurin kaka ya yi kwanaki. Amma akwai yayen da ba ya jiran shiri, wato wanda likita ke yankewa.

Cutar daji na cikin abubuwan da ke jawo shi. Matar da aka ga alamar cutar a jikinta a asibitin Kafanchan akan tura ta asibitin koyarwa na Jos, ko na Shika da ke kusa da Zariya. Magungunan da ke kashe ƙwayoyin daji suna bi ta jini su shiga nono, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya su cikin 'yan dalilan da ke wajabta daina shayarwa.

Dalilan ba su da yawa, kuma nan ne ake yawan kuskure. Maganin tarin fuka ba ya hana shayarwa. Mai ɗauke da cutar HIV da ke shan magani kullum, tun 2016 hukumar ta ce ta shayar aƙalla wata 12. Duk da haka, maganar makwabta ko ta mai shagon magani kan sa uwa ta janye nono ba gaira ba dalili.

Inda yayen ya zama tilas, haɗarin yana cikin abin da zai maye gurbin nonon. Jaririn da bai kai wata shida ba madarar jarirai kaɗai ta dace da shi, a dama da tafasasshen ruwa, a ba shi da kofi, domin bulunboti yana da wuyar wankewa. Tsadar gwangwani kan sa a tsinka madarar don ta daɗe, kuma daga nan rama da gudawa ke farawa. Wanda ya wuce wata shida kuwa tsinkakken koko ba ya riƙe shi. Sai kunun acca ko dawa mai kauri, da gyaɗa, waken soya ko ƙwai.

Ita ma uwar nononta zai cika ya yi tauri. Ta riƙa tatse kaɗan don samun sauƙi ta zubar, kuma idan zazzaɓi ya biyo baya ta koma asibiti ranar.