Wane Rafli Ne Ya Fi Iya Busa a Kakar 2023/24?

Musun ƙwallo iri biyu ne. Akwai wanda lissafi ke kashewa: wa ya fi zura ƙwallaye, wa ya ɗauki kofi, a buɗe waya a duba, shi ke nan. Akwai kuma wanda ko kwana aka yi ana yinsa ba ya ƙarewa, irin wanda ya addabi ɗakunan kwananmu tun da aka rufe kakar 2023/24: wane alƙalin wasa ne ya fi kowa iya busa? Na ji shi a nan Poli, na ji shi a gidajen kallon bal na Dutsin-Ma, na kuma tarar da shi a majalisar samarin garinmu Tamawa ta ƙasar Kurfi. Salon duk ɗaya ne. Ɗan Madrid zai ce Slavko Vincic, don a hannunsa suka ci Dortmund 2-0 a wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Turai ranar 1 ga Yuni, 2024. Ɗan Liverpool kuwa cewa zai yi a tattara alƙalan Ingila kaf a kora. Kowa dai raflin da ƙungiyarsa ta ci wasa a hannunsa yake yabo.

Masu sana'ar suna da mudunsu na awo. A duk babban wasa akwai mutum guda, galibi tsohon alƙalin wasa, da hukuma ke turawa ya zauna a sama da biro da takarda. Shi ba ƙwallo ya zo kallo ba, rafli ya zo kallo. Yana duba inda yake tsayawa lokacin da aka yi ƙeta, ko yana iya bin gudun wasa (alƙali kan yi gudun kilomita 10 zuwa 12 a wasa ɗaya), yadda yake magana da 'yan wasa in rai ya ɓaci, da kuma ko laifin da ya ba wa katin gargaɗi a minti na 10 shi zai ba wa a minti na 80. A tsarin UEFA maki 10 ne, kuma 8.4 shi ne makin wanda ya yi aikinsa yadda ake so. Amma ya kuskure babban hukunci guda ɗaya tak, kamar fenariti ko jan kati, sai makin ya faɗo 7.9, ko da sauran wasan duk ya yi shi tsaf. Kamar malamin da zai ce maka tambaya ta ɗaya tilas ce: ka faɗi ita, kyan rubutunka ba zai cece ka ba. Wannan makin ake tarawa a ga wa za a ba wasan kusa da na ƙarshe, wa za a sallama gida.

To, bari mu ɗora manyan sunayen kakar a kan wannan mudu.

Ingila ba ta da bakin magana sosai. Ranar 30 ga Satumba, 2023, Luis Diaz ya ci wa Liverpool ƙwallo mai kyau a gidan Tottenham, mai tuta ya ɗaga ya ce satar gida. Mutumin ɗakin VAR ya duba ya ga ba satar gida, sai dai shi a zatonsa an riga an ba da ƙwallon, ya ce an gama dubawa a ci gaba. Kafin su farga an taɓa ƙwallo, doka kuma ba ta yarda a dawo baya ba. Tottenham ta ci 2-1, hukumar alƙalan Firimiya ta fito ta amsa kuskure har ta saki muryoyinsu. Sai kuma Anthony Taylor a gasar Turai: Musiala ya buga, ƙwallo ta daki hannun Cucurella a cikin yadi na 18, ya ce a ci gaba, Sifaniya ta fitar da Jamus. Daga baya kwamitin alƙalan UEFA ya ce fenariti ce. Wannan 7.9 ne ba gardama.

François Letexier na Faransa yana da hujja mai ƙarfi. Yana da shekara 35 aka ba shi wasan ƙarshe na gasar Turai tsakanin Sifaniya da Ingila ranar 14 ga Yuli, aka tashi 2-1, washegari ba wanda ke maganarsa. A wannan sana'a hakan yabo ne. Amma ni ban ga an gwada shi da hukunci mai ɗaci a daren ba.

Wanda aka gwada shi ne Amin Omar na Masar, ranar 7 ga Fabrairu, 2024, a Bouaké, wasan kusa da na ƙarshe na Kofin Afirka, mu da Afirka ta Kudu. Na san da yawanku yanzu kun ɓata fuska, ku dai bari in kai aya. Muna ci ɗaya da fenaritin Troost-Ekong. Wajen minti na 85 Osimhen ya ƙara ta biyu, gidajen kallo suka kaure, wasu har sun fita titi. Can sai ga alƙali ya dafe kunne, ya ruga wajen talabijin, ya dawo ya soke ƙwallon, ya kuma nuna fenariti a ragarmu, can ɗaya ƙarshen filin. Mokoena ya farke, 2-0 ta koma 1-1 cikin 'yan mintoci. Wallahi a daren an zagi mutumin nan da harsunan da bai taɓa ji ba.

Ga yadda dokar take a lokacin. VAR abu huɗu kawai take shiga: ƙwallon da aka ci, fenariti, jan kati na kai tsaye, da kuma in an ba wani katin da na wani ne. In aka ci ƙwallo, ana komawa baya a duba tun daga inda ƙungiyar da ta ci ta karɓi ƙwallo ta faro harin. Mu kuwa inda muka karɓe ta shi ne cikin yadinmu na 18, lokacin da Alhassan Yusuf, ɗan Kano, ya taɗe Percy Tau. Tunda tushen harin ƙeta ne, ƙwallon Osimhen ba ta da ƙafar tsayawa, kuma tunda ƙetar a cikin yadi aka yi ta, fenariti ce. Za ka iya cewa ai ya kamata ya gani da idonsa tun farko, kuma gaskiya ne, mai sa ido zai rage masa maki a nan. Amma samun zuciyar soke ƙwallon da ta kusa kai ƙasa wasan ƙarshe, saura minti biyar, ba kowa ke da ita ba. Abin da ya ƙara gamsar da ni shi ne ƙarin lokaci: Kekana ya kayar da Moffi yana shirin shiga, aka duba, ya ba shi jan kati, ya kuma ba da bugun tazara don a wajen yadi aka yi laifin. Mu ya hana mu fenariti, su ya rage musu mutum, duk da mudu ɗaya. Muka ci 4-2 a bugun daga kai sai mai tsaron gida. Ni a wurina shi ne gwarzon kakar.

Abin da ya fi ci mini rai a gasar nan kuwa shi ne jerin sunayen alƙalan da CAF ta kira: babu ɗan Najeriya ko ɗaya. Dahane Beida na Muritaniya ne ya busa wasan ƙarshe da Kodebuwa ta ci mu 2-1. Gambiya, ƙasar da mutanenta ba su kai na jihar Katsina ba, ta fitar da Bakary Gassama, ya je Kofin Duniya sau uku a jere, 2014, 2018 da 2022. Maroko ta ba da Said Belqola ya busa wasan ƙarshe na duniya tun 1998. Mu fa? A watan Yunin 2019 a filin Agege na Legas, bayan wasan Kano Pillars da Rangers, 'yan kallo suka afka fili sai da alƙali ya ranta a na kare. Wanda ke busa yana neman ƙofar gudu da gefen ido, ina zai koyi soke ƙwallon masu gida? A wasannin unguwa ma haka ne. A Tamawa in za a yi wasa da ƙauyen maƙwabta, samun mai riƙe usur ya fi samun gola wuya, don kowa ya san ladan aikin zagi ne, wani lokaci har da jifa.

Shi ya sa nake kai ƙoƙon barata ga daraktan wasanni na ƙungiyar ɗalibai. In gasar sassa ta zo, a samo mutum biyu da ba sashensu ke bugawa ba, su zauna gefe da takarda su ba alƙali maki bayan kowane wasa, a kan fenariti, kati, tsayuwa da riƙon wasa. A tara, wanda ya fi maki a ba shi wasan ƙarshe, ranar raba kofi kuma a kira sunansa tare da na wanda ya fi cin ƙwallaye.