Izinin kashe kuɗi: Yadda gwamnatin Birtaniya ke iya daƙile ƙudirin ɗan majalisa

A Majalisar Wakilan Birtaniya, ɗan majalisar da ba minista ba yana da damar gabatar da ƙudirin doka na ƙashin kansa. A farkon kowane zango ana jefa ƙuri'a a fitar da sunaye 20, kuma yawanci ana ware ranakun Juma'a 13 domin muhawara kan irin waɗannan ƙudirori. Sai dai ko ƙudiri ya samu rinjaye, da sauran rina a kaba.

Idan aiwatar da dokar zai ci kuɗi daga baitulmali, wajibi ne majalisa ta ba da izini na musamman bayan karatu na biyu, kuma minista kaɗai ke da ikon neman wannan izini. Ƙa'idar ta samo asali tun 1713, lokacin da majalisar ta tsayar da cewa ba za ta saurari buƙatar kashe dukiyar jama'a ba sai da shawarar Fadar Sarauta, wadda a yau gwamnati ke magana da yawunta. Hikimar ita ce mai tara haraji shi zai ɗauki alhakin yadda aka kashe shi.

Matuƙar izinin bai fito ba, kwamitin da aka miƙa wa ƙudirin ba zai iya duba sassansa da suka shafi kuɗi ba. A Disambar 2017, ƙudirin Afzal Khan na jam'iyyar Labour, mai neman a bar kujerun majalisar a 650 maimakon rage su zuwa 600, ya tsallake karatu na biyu. Gwamnatin Theresa May ta ƙi neman izinin, kwamitin ya yi ta zama yana tashi ba tare da taɓa ko sashe ɗaya ba, har zangon ya ƙare a 2019 ƙudirin ya mutu.

Ƙudirin Kim Leadbeater kan bai wa masu ciwon ajali damar neman taimakon kawo ƙarshen rayuwarsu kuwa ya samu ƙuri'u 330 da 275 a Nuwambar 2024, kuma gwamnati ta nemi izinin a Janairun 2025 duk da cewa ba ta ɗauki ɓangare ba.

Bisa al'ada gwamnati kan nemi izinin da zarar ƙudiri ya wuce karatu na biyu, amma babu dokar da ta tilasta mata. Shi ya sa masu suka ke ganin ƙa'idar da aka kafa domin tsare baitulmali ta zama hanyar soke ra'ayin mafi rinjaye ba tare da an kaɗa ƙuri'a ba.