Digiri 18 na Faranhait Nawa Ne, Kuma Ruwa Nawa Ciyawa Za Ta Sha?

A Amurka har yanzu da ma'aunin Faranhait ake faɗin zafin gari, wanda Daniel Fahrenheit ya fito da shi a 1724. A kansa ruwa yana daskarewa a digiri 32, ya tafasa a 212, wato tazarar digiri 180 ke tsakani. Ma'aunin Salsiyas kuwa, mai sunan Anders Celsius ɗan ƙasar Sweden, ya raba wannan tazarar gida 100 ne. Saboda haka kowane digiri 5 na Salsiyas daidai yake da 9 na Faranhait.

To, ga inda ake yawan tuntuɓe. A ce a wani gari zafi ya tashi daga 77 zuwa 95 na Faranhait. Kowace lamba a cikin biyun matsayi ce a kan ma'auni, don haka sai a cire mata 32, a ninka da 5, a raba da 9. Za a sami 25 da 35 na Salsiyas. Amma ƙarin da aka samu, digiri 18, ba matsayi ba ne, tazara ce, ba ruwanta da 32. A ninka ta da 5 a raba da 9 kawai: digiri 10. Wanda ya cire mata 32 zai tarar da kusan digiri 8 ƙasa da sifili, lissafinsa ya nuna sanyin ƙanƙara a ranar da ake zufa.

Me ya haɗa wannan da ban ruwa? A Amurka, kusan kashi 30 cikin 100 na ruwan da gidaje ke amfani da shi a waje yake ƙarewa, yawancinsa a kan ciyawar ƙofar gida da shuke-shuke. Mai gida zai iya cewa tunda zafi ya ƙaru da kaso kaza, bari ya ƙara wa na'urar feshin ruwa lokaci da wannan kason. Daga 77 zuwa 95 ƙarin kashi 23 ne, daga 25 zuwa 35 kuwa kashi 40 ne. Rana ɗaya, ciyawa ɗaya, amsa biyu! Dalili shi ne sifilin ma'aunan biyu mutane ne suka zaɓi inda zai zauna. A ma'aunin Kelbin, da ke farawa daga ƙarshen sanyi, ƙarin bai kai kashi 4 ba.

Ruwan da kansa ya kamata a auna. Shawarar da aka saba bayarwa a Amurka ita ce kimanin inci ɗaya a mako, har da na sama, wato milimita 25. Milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce cif, don haka fili mai murabba'in mita 100 zai sha lita 2,500. Ba ƙaramin ruwa ba ne, kuma abin takaici ne a ga yana malala a kan kwalta.

A jera gwangwanaye masu miƙaƙƙen gefe a wurare daban-daban cikin ciyawar, a kunna na'urar minti 15, sannan a tsoma rula a kowanne. In ruwan ya kai milimita 6, awa ɗaya a mako ta wadatar. In wani gwangwani ya cika wani kuma da ƙyar gindinsa ya jiƙe, bakin feshin ne ke buƙatar gyara. A yi ban ruwan da asuba, kafin rana da iska su kwashe shi.