Tsohuwar Jakar Soja Mai Firam: Yadda Ake Zaɓar Ta, a Daidaita Ta, a Mayar da Ita Tashar Caji

Da damina, matashin da ke Karfi a ƙaramar hukumar Malumfashi kan fita gona tun da sassafe, kuma ba fartanya kaɗai yake ɗauka ba. Akwai waya, pawa banki, kebul, tocila da gorar ruwa, wani ma har da ƙaramin faifan sola, tunda wutar NEPA ba abin dogaro ba ce. Haka mai POS ko mai gyaran waya da ke bin kasuwannin mako tsakanin Funtua, Bakori da Malumfashi. Yawanci a jakar 'yan makaranta ake zuba waɗannan kaya, kafin kaka zif ya mutu ko hannu ya tsinke, kayan dubban naira su zube a hanya.

Akwai wata irin jaka da aka ƙera tun asali domin kaya masu nauyi da tafiya mai nisa: tsohuwar jakar goyo ta soja mai firam ɗin ƙarfe. A Turai da Amurka akwai masu tara ta suna yi mata kwaskwarima. A nan kuma jefi-jefi takan faɗo cikin dilar gwanjo. Abu biyu ya kamata mai sha'awarta ya riƙe. Na farko, firam ɗin ake saye, buhun ana iya canza shi. Na biyu, a wannan yanki, kamannin soja ne abin da za a fara rabawa da ita.

Mene ne amfanin firam?

Duk wanda ya taɓa goya tankin feshin magani mai lita 16 ya san labarin. Ruwan kaɗai kilo 16 ne, kuma duk nauyin a kafaɗa yake rataye. Kafin a gama kadada ɗaya wuya ya riƙe, hannuwa sun fara sanyi.

Firam na sauya wa nauyin mazauni. Ƙarfe ne mai siffar ƙaramin tsani da ake ɗaure buhun a jikinsa, a ƙasansa kuma akwai bel mai faɗi da ke zagaye ƙugu. Idan aka ɗaure bel ɗin daidai, mafi yawan nauyin na sauka a ƙashin ƙugu ya bi ƙafafu, maɗaurin kafaɗa kuma aikinsa kawai hana jakar faɗawa baya. Amfani na biyu shi ne tazarar da firam ke bari tsakanin bayan mutum da buhun. Iska na ratsawa, gumi ba ya jiƙa kaya. Na uku, firam na ba da wurin ɗaura abin da ba zai shiga jaka ba, kamar jarka, batir ko faifan sola.

Ire-iren da aka fi sani

Dabarar ta tsufa. A shekarar 1908 wani ɗan ƙasar Norwe mai suna Ole Bergan ya ƙera jakar goyo mai firam, kuma har yau sojojin Ingila na kiran babbar jakar goyonsu da sunan "bergen".

Wadda ta fi shahara a duniya ita ce ALICE ta sojojin Amurka, wadda aka amince da ita a 1973, ƙarshen yaƙin Biyetnam. Firam ɗinta bututun alminiyom ne da aka haɗa da ribit, buhun kuma nailan ne mai launin kore. Akwai matsakaiciya mai aljihu uku a waje, wadda za a iya goyawa ko babu firam. Akwai babba mai aljihu shida, mai cin wajen lita 60, wadda sai da firam. Daga 1997 Amurka ta fara maye gurbinta da tsarin MOLLE, shi ya sa tsofaffin suka kwararo kasuwannin duniya. A cikin ALICE akwai wani aljihu da aka ɗinka domin rediyon sadarwa na soja. Yau shi ne wurin laftof ko tablet, domin yana kusa da baya, inda ya dace kaya mai nauyi ya zauna.

Ta biyu ita ce LK35 ta sojojin Suwidin, mai cin lita 35. Firam ɗinta baƙin ƙarfe ne, yana da lanƙwasa a ƙasa kamar kanta. Ta fi ALICE sauƙin fasali, kuma asalinta ba ta da bel ɗin ƙugu mai taushi, don haka shi ne gyaran farko da masu tara ta ke yi.

Yadda ake gane ta asali

A kasuwar gwanjo kamar Ƙofar Wambai a Kano, ko a Jiji da Facebook, kwaikwayo ya fi na asali yawa. Ga abubuwan dubawa kafin a biya kuɗi.

Tambarin ciki. Kayan sojojin ƙasashen NATO na ɗauke da lamba mai alƙaluma 13. Na jakunkuna da makamantansu na farawa da 8465. Alƙaluma biyu da ke biye na nuna ƙasa: 00 ko 01 Amurka, 99 Ingila. A jakar Amurka akwai kuma lambar kwangila mai farawa da DSA100 ko DLA100, kuma alƙaluma biyun da ke bayanta shekara ce. Misali, DLA100-85 na nufin 1985.

Firam. A ɗora shi a kan siminti a ga ko ya karkace. A jijjiga shi, idan yana ƙara to ribit ya saki. A duba kusurwoyin ƙasa da fitilar waya, domin nan ne tsagewa ke farawa. Maganaɗisu na raba gardama: yana kama baƙin ƙarfe, ba ya kama alminiyom. Wannan na da muhimmanci ranar gyara. Mai walda na bakin titi zai iya like firam ɗin baƙin ƙarfe, amma na alminiyom zai ƙone shi ne kawai. Ribit ɗin da ya saki, masu haɗa tagar alminiyom ne ke da injin buga sabo, ko a sa ƙaramin bol da noti.

Buhu. Cikin nailan ɗin an shafe shi da wani sinadari mai hana ruwa. Idan ya tsufa yana yin danƙo, ya yi wari, ya riƙa ɓarewa. Wannan ba ya hana amfani, amma jakar ta daina tsare ruwa, don haka dalili ne na neman ragi. A ja kowane maɗauri da ƙarfi. Nailan ɗin da rana ta cinye yana yin fari-fari kuma yana yagewa kamar takarda.

Asalin kayan. Wannan ya fi duk sauran. Kada a sayi jaka daga hannun wanda ya ce daga bariki ta fito, ko wanda ba zai iya faɗin inda ya samo ta ba. Kayan gwamnati ne, kuma ba a san ta wace hanya suka bar hannun mai su ba. Arha ba ta kai darajar zaman caji ofis ba. A saya a shago sananne, a karɓi rasit, a ɗauki hotonsa a waya.

Daidaita ta da jiki

Firam ɗin ALICE girma ɗaya ne, ba a ƙara shi ba a rage shi. Shi ya sa gajeren mutum ko dogo sosai kan sha wahala da shi. Gwaji kafin saye ya zama dole, kuma da nauyi a ciki, ko da ledojin fiya wata 20 ne, wato kilo 10.

A fara sassauta duk maɗaurai. A goya, a ɗan sunkuya, a ɗora bel a kan ƙashin ƙugu, ba a kan ciki ba, a ja shi ya kama. Sai a ja maɗaurin kafaɗa har jakar ta matso, amma kada ya ɗage bel ɗin. Alamar an dace ita ce mutum ya iya zura yatsa ƙarƙashin maɗaurin kafaɗa ba tare da wahala ba. Idan aka ɗaga kai sama firam ya bugi ƙeya, to ya yi wa mai shi tsawo.

Wajen shirya kaya, masu nauyi su zauna kusa da baya kuma a tsakiya, masu taushi a ƙasa, abin da ake yawan ciro wa a aljihun waje. Shawarar da masu tafiyar ƙasa suka saba bayarwa ita ce kada kaya su wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin mutum. Mai kilo 60 ya tsaya a kilo 12, kuma ya tuna jakar da firam ɗinta kaɗai sun kai wajen kilo 3. A kan babur kuwa gara a sauke ta a ɗaure a kariya, domin firam a baya na iya ƙara muni idan aka faɗi.

Gyare-gyaren da suka cancanci kuɗinsu

Sanannen gyara a wajen masu tara ALICE shi ne wanda suke kira Hellcat: a bar firam da buhun, a sa musu maɗaurin kafaɗa da bel na MOLLE, waɗanda suka fi kauri da taushi. Ba sai an yi odar su daga waje ba. Bel da maɗauran wata jakar gwanjo da buhunta ya mutu za su yi aikin. Mai ɗinkin kujerar babur ko baduku zai haɗa su da zaren nailan. Wajen ciko a nemi roba irin ta silifa, kada a sa soson katifa, domin yana shan gumi ya yi wari. Duk maɗaurin da aka yanke a ƙona bakinsa da ashana don kada ya warware.

Sai ɓangaren caji. Faifan sola mai naɗewa na wat 20 zai zauna a kan murfin jakar, a ɗaure kusurwoyinsa huɗu da firam da robar tsohon tiyub. Amma a san lissafin tun farko. Pawa banki mai 20,000mAh na riƙe da wajen 74Wh. Faifan wat 20 ba kasafai yake ba da cikakken wat 20 ba, a rana mai kyau abin da ake samu bai fi 12 zuwa 15 ba. Ke nan cika pawa bankin na buƙatar wajen awa 6 faifan na kallon rana. A cikin tafiya, mutum na juyawa yana shiga inuwa, abin da ake samu ya ragu sosai. Dabarar ita ce idan an isa gona a jingine jakar, firam ya zama maƙalar faifan, a riƙa juya shi yana bin rana. Lokacin hunturu a riƙa goge ƙura. Cikakken pawa bankin zai caja waya mai batir 5,000mAh sau biyu da rabi zuwa uku, ba sau huɗu ba, saboda asarar da ake yi wajen juya wutar.

Faifan ya fara caja pawa banki, sannan pawa banki ya caja waya. Wutar sola na hawa da sauka duk lokacin da gajimare ya gifta, wasu wayoyin kuma sai su yanke caji. Batirin litiyom ba ya son a caja shi a zafin da ya wuce maki 45, alhali a watan Afrilu zafin inuwa ma kan kusanci 40 a wannan yanki. Don haka kada a ajiye pawa banki a aljihun murfi ƙarƙashin faifan. A sa shi can ciki, ta ɓangaren firam inda iska ke ratsawa, a jawo kebul ta ƙarƙashin murfi. Duk batirin da ya kumbura a raba shi da jakar nan take. Da damina kuma, kowace na'ura ta shiga leda mai kauri kafin ta shiga buhu.

Gyara mafi muhimmanci: raba ta da kamannin soja

Mutumin kudancin Katsina ba ya buƙatar dogon bayani a nan. Shekaru ke nan ana fama da 'yan bindiga, kuma sau da yawa akan ba da rahoton sun zo sanye da kakin soja. Dokar Najeriya ta hana farar hula sa kakin soja ko abin da ya yi kama da shi, rundunar soja ta sha yin gargaɗi a kan haka, kuma shigo da kaya masu dabbare-dabbaren soja sai da izinin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan harkar tsaro. Jami'in da ke shingen bincike da magariba, ko ɗan sintirin ƙauye, ba zai tsaya karanta tambarin 1985 ba. Abin da zai gani shi ne saurayi da koriyar jakar soja, wayoyi na leƙowa daga ciki.

Saboda haka, mai dabbare-dabbare a bar ta gaba ɗaya, komai kyanta. Mai kore zalla a cire mata duk wani baje, tuta ko rubutun US. Hanya mafi sauƙi ita ce tela ya ɗinka mata riga ta tamfol mai launin shuɗi, ja ko ruwan lemo, wadda za ta tsare ruwan sama kuma. Firam ɗin a goge shi a fesa masa fenti mai haske. Wanda ya fi kowa dabara shi ne wanda zai ajiye koren buhun a ɗaki, ya ɗaura wa firam ɗin jakar farar hula ko kwandon roba. A naɗe kebul a ɓoye, idan kuma an zo shinge a buɗe jakar tun kafin a tambaya.

Wa ta dace da shi?

Ɗalibin da ke ɗaukar littafi biyu da waya ba ya buƙatar ta, nauyin banza zai ƙara wa kansa. Amma mai tafiyar ƙasa da kaya sama da kilo 8, ko manomin da ke wuni a gona da sola, ko mai sana'ar caji da gyaran waya a kasuwar ƙauye, zai ga bambanci tun makon farko. Idan ba a samu ta asali ba, mai walda zai iya lanƙwasa siririn bututu ya fitar da firam, tela ya ɗinka bel. Wannan ba ta da tarihin da masu tarawa ke nema, amma za ta ɗauki kaya, kuma ba wanda zai tsayar da mai ita a hanya saboda ita.