Yadda Yaro Ke Koyon Karanta Fuska

Hausawa kan ce labarin zuciya a tambayi fuska. To, amma ba a haifar ɗan Adam da cikakken sanin wannan tambaya; sannu a hankali yake koyon ta. Jariri sabon haihuwa bai cika ganin abin da ya wuce santimita 20 zuwa 30 ba, wato gwargwadon tazarar da ke tsakaninsa da fuskar uwa in yana shan mama. Daga mako 6 zuwa 8 sai ya fara mayar da murmushi.

Tun a cikin littafinsa na 1872, Charles Darwin na Ingila ya ba da labarin ɗansa mai wata shida, wanda mai renonsa ta yi masa kukan ƙarya, nan take ya ɓata fuska. A 1978 kuwa Edward Tronick da abokan aikinsa a Amurka suka bayyana abin da kan faru in uwa ta ɗauke fara'a ta zuba wa jaririnta ido kurum: zai yi ta murmushi yana neman hankalinta, in abin ya faskara ya kau da kai, ya shiga damuwa.

Gwajin da ya fi ban sha'awa shi ne na James Sorce da jama'arsa, a 1985. An aza 'yan shekara ɗaya bisa tebur na gilashi wanda tsakiyarsa ke kama da rami, uwa tana tsaye a ƙetare. Da iyaye suka saki fuska, 14 daga cikin 19 suka rarrafa suka haye. Da suka nuna tsoro, ko ɗaya daga cikin 17 bai haye ba. Ashe yaron da bai iya magana ba ya san ya nemi shawara a fuskar uwarsa.

Sa wa abin suna shi ne mai wuya, kuma nan ne harshe ke shigowa. Murna yara ke fara ambata daidai, sannan fushi da baƙin ciki. Tsoro da mamaki da ƙyama sai daga baya. Sau da yawa yaro kan ga yatsina ya ce fushi ne, kafin kunnensa ya rarrabe masa harara da murtuke fuska da zumɓure baki.

Gida ma yana da nasa hannu. Binciken Seth Pollak ya nuna yaran da suka sha duka sun fi tsaransu saurin gano alamar fushi, ko da ba ta gama bayyana a fuska ba.