Littafin da Ɗalibi Ke Ɗokin Buɗewa

A makarantun zaure na Anka, Gummi da Bukkuyum, kamar sauran ƙasar Hausa, ɗalibi ya san littafin da ke jiransa tun bai sauke na hannunsa ba. Bayan saukar Alƙur'ani yakan fara da Ƙawa'idi, sannan Ahalari da Ishmawi, masu koyar da tsarki da salla. Daga nan sai Iziyya, sai Risala ta Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a shekarar 996. Babban burin mai karatun fiƙihun Malikiyya shi ne Muhtasar na Shehu Halilu, malamin Masar. Malam kan karanta, ya fassara da Hausa, kuma shi ke ba ɗalibi izinin wucewa littafi na gaba.